Yadda ake sauka a zangon karaban a Birtaniya, daga kama gurbi zuwa ranar tashi

Karaban ɗan gida ne mai taya wanda ake ɗaura wa mota a ja shi, kuma a cikinsa akwai gadaje da murhun gas da firji da ɗan ban-ɗaki. Mutanen Birtaniya sun daɗe suna yin hutu da shi, domin ƙungiyar masu wannan harka da yanzu ake kira Caravan and Motorhome Club an kafa ta ne tun 1907, lokacin da dawaki ke jan ɗakunan, ɗayar kuma, wato Camping and Caravanning Club, ta girme ta da shekara shida. Filin da aka tanada domin masu karaban su tsaya su kwana, ban sami sunan da ya dace da shi kamar zango ba, tun da aikin da zango yake yi wa fatake shi ne wannan fili yake yi: a sauke kaya, a sami ruwa, a kwana, a tashi. Abin da sabon shiga ya kamata ya riƙe tun farko shi ne, komai na wannan zama a ƙididdige yake, daga nauyin kaya zuwa ƙarfin wutar lantarki, da litar ruwa, da sa'o'in da kantin ƙauye yake buɗe.

Zaɓen zango da kama gurbi

Mataki na farko shi ne ka san irin zangon da kake so, domin iri uku ne. Akwai manyan zanguna na ƙungiyoyin nan biyu, waɗanda suke da wurin wanka mai ruwan zafi, da injin wanki, da ma'aikata masu kwana a wurin. Akwai na 'yan kasuwa, waɗanda wasunsu har da wurin ninƙaya da mashaya da kiɗan dare, kuma mai neman natsuwa da iyali ya karanta bayaninsu da kyau kafin ya biya. Sannan akwai ƙanana da ake kira CL ko CS, yawanci a gonar wani manomi, inda wata doka ta 1960 ta yarda a saukar da karaban biyar kacal a lokaci guda. Waɗannan na 'yan ƙungiya ne, sun fi araha, amma sau da yawa abin da za ka tarar famfo ne da wurin zubar da ƙazanta, babu ƙari. Ga wanda bai taɓa yi ba, shawarata ita ce ya fara da babban zango na ƙungiya wanda bai wuce tafiyar awa biyu daga gidansa ba, ya yi kwana biyu, domin a nan ne idan wani abu ya cije akwai wanda zai tambaya.

A wajen kama gurbi za a tambaye ka tsawon karaban ɗinka, da ko za ka kafa rumfa a gefensa, da irin ƙasar da kake so. Gurbin ciyawa ya fi kyan gani, amma a ƙasar da ruwan sama ba shi da damina ba shi da rani, gurbin da aka zuba wa tsakuwa ya fi kwanciyar hankali, don ba za ka wayi gari taya ta nutse a taɓo ba. Akwai kuma gurbi mai famfonsa da magudanarsa, wanda ya fi tsada amma yana hutar da mutum daga jidar ruwa. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, lokacin hutun makarantun Ingila, da kuma dogayen hutun ƙarshen mako na ƙarshen Mayu da ƙarshen Agusta, wurare irin su Cornwall da Lake District suna cika tun watanni kafin lokacin, saboda haka sai an ba da kafin alƙalami da wuri. Kada mutum ya ce zai tsaya duk inda dare ya yi masa: a Ingila da Wales ba a kwana a filin wani sai da izinin mai shi, kuma 'yancin yada zango a daji da dokar Sikotland ta 2003 ta bayar bai haɗa da abin hawa mai inji ba.

Lasin, nauyi da hanya

Tun daga 16 ga Disamba 2021, mai lasin ƙaramar mota a Ingila da Sikotland da Wales yana iya jan tirela mai nauyin da ya kai kilo 3,500 ba tare da wata jarrabawa ta daban ba, amma Ireland ta Arewa tana da nata tsarin. Wanda ya zo da lasin Najeriya ko Nijar yana iya tuƙa ƙaramar mota da shi har wata 12, bayan haka sai ya ci jarrabawar ƙasar. Idan kuma haya zai ɗauka, ya tambayi kamfanin ko inshorarsu ta yarda da lasinsa tun kafin ya biya ko sisi.

Yardar doka dabam, abin da motarka za ta iya dabam. Shawarar da ƙungiyoyin biyu suke ba sabon direba ita ce, nauyin karaban da kayansa kada ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar da babu kowa a ciki, wato motar da ta kai kilo 1,600 ta dace da karaban da bai wuce kilo 1,360 ba. Nauyin da bakin karaban yake dannawa a kan ƙugiyar mota kuma ana so ya kasance tsakanin kashi 5 zuwa 7 na nauyinsa, muddin bai haura iyakar da mai ƙera motar ya rubuta ba. A nan ne mu muke yawan kuskure, domin mun saba idan za a yi tafiya a ɗauki buhun shinkafa da jarkar mai da manyan tukwane. Kaya masu nauyi a ƙasa ake ajiye su, daidai kan tayoyi, ko kuma a mayar da su cikin mota, kada a tara su a bayan karaban, saboda nauyin baya shi ne yake sa karaban ya riƙa wutsiya kamar maciji da zarar babbar mota ta wuce shi. Tankin ruwa ma a juye shi kafin a tashi, tun da kowace lita kilo guda ce.

Doka ta wajabta madubi mai tsawo wanda zai nuna maka mita 20 a baya da mita 4 a kowane gefe, da lambar motarka a manne a bayan karaban, da siririyar wayar ƙarfe da ke jan birkin karaban idan ya ɓalle. Haramun ne a ɗauki mutum a cikinsa ana tafiya, komai roƙon da yara za su yi. Gudu ba ya wuce mil 60 a awa a kan manyan tagwayen hanyoyi, mil 50 a hanya mai falle ɗaya, kuma a babbar hanya mai layi uku ko fiye ba a shiga layin ƙarshe na dama. Idan ka kusa isa, ka ajiye taswirar waya ka bi kwatancen da zangon ya rubuta, domin waya ba ta san kana jan ɗaki ba, kuma a Devon da Cornwall akwai lunguna masu katangar dutse da ciyayi suka rufe, inda mota biyu ba sa giftawa, kuma yin ribas da karaban a irin wannan wuri ba aikin ɗan koyo ba ne.

Sa'ar farko a zango

Yawancin zanguna ba sa karɓar baƙi sai daga tsakar rana ko ƙarfe 1, kuma suna rufe karɓa da misalin 8 na dare. Kada ka zo kafin lokaci, domin hanyar shiga sau da yawa ƙarama ce, kuma masu fita suna bin ta har sha biyu. Ka tsaya a ofis, ka gaisa da mai kula da wurin, wanda a zuciyata nake kira sarkin zango, ka karɓi taswirar fili da lambar buɗe ƙofa. A cikin zango ba a wuce mil 5 a awa, wato saurin mai tafiya a ƙasa.

Idan an bar maka zaɓi, ka zagaya sau ɗaya kafin ka tsaya. Gurbin da ke daf da wurin wanka yana da sauƙi ga mai ƙananan yara, amma ƙafa ba ta ɗaukewa a gabansa. Na ƙarƙashin bishiya yana da inuwa, amma ɗigon ruwa daga ganye yana kwana yana buga rufi. Turawa da yawa da karnukansu suke zuwa, kuma ko da yake doka ce a riƙe su da igiya, wanda ba ya son kusantar kare yana iya roƙon a ba shi gurbi nesa da filin da ake zagayawa da su. A zangunan ƙungiya akwai ɗan turke a kowane gurbi, kuma za a gaya maka kusurwar karaban da za ta daidaita da shi, saboda ana son tazarar mita 6 tsakanin maƙwabta domin gudun gobara. Idan ka kauce, cikin ladabi za a zo a ce ka gyara.

Daidaita karaban yana da tsari, kuma idan aka juya tsarin sai an sake aiki. Ana fara da gefe da gefe, tun yana ɗaure da mota: ka ɗora ma'aunin lebur irin na magina a ƙasan ɗakin, ka sa matakalar roba a gaban tayar da ta yi ƙasa, ka ja a hankali har kumfar ta tsaya a tsakiya, sannan ka ja birkin hannu na karaban ka tokare tayoyi. Bayan haka ka sauke ƙaramar tayar gaba, ka cire wayar fitilu da wayar birki, ka kwance maɗauri, ka janye mota. Da wannan ƙaramar tayar ake daidaita gaba da baya. Daga ƙarshe sai a sauke ƙafafu huɗu na kusurwa har su taɓa ƙasa, kuma su na hana girgiza ne kawai, ba a ɗaga karaban da su, domin suna iya lanƙwashewa. Wanda ya raina wannan aiki zai ga ruwan wanka ya taru a kusurwa guda, firji ya ƙi sanyi yadda ya kamata, kuma cikin dare yana gangarowa kan matarsa.

Wuta, ruwa da gas

Wayar lantarki ruwan lemo ce, tsawonta mita 25, mai shuɗin kai. Ka kashe babban makunnin cikin karaban, ka warware wayar gaba ɗaya domin idan tana naɗe tana ɗaukar zafi, ka fara sa kanta a jikin karaban, sannan ka kai ɗaya kan zuwa turken wuta, ka dawo ka kunna. Abin tambaya tun a ofis shi ne amfiya nawa turken yake bayarwa. Wutar ƙasar bolt 230 ce, saboda haka amfiya 16 tana ɗaukar kusan wat 3,680, amfiya 10 wat 2,300, amfiya 6 kuwa wat 1,380 kacal, alhali butar lantarki ta gida ita kaɗai tana iya cin wat 3,000. Na koyi wannan lissafi ne a wani ƙaramin zango na gona a cikin Oktoba, da asuba, lokacin da hita ke kunne na ɗora butar gida domin ruwan alwala. Nan take wuta ta ɗauke, akwatin makunnin kuma a kulle yake, sai da muka zauna cikin bargo har manomin ya gama tatsar shanunsa ya zo da mabuɗi. Tun daga ranar muka sayi ƙaramar buta mai cin wuta kaɗan, kuma duk wanda zai kunna abu mai zafi sai ya tambaya me ke kunne.

Ruwa kuwa jidarsa ake yi. Akwai gangar roba mai suna Aquaroll, mai cin lita 40, wadda ake cikawa a famfo a gangaro da ita kamar taya, a jefa ɗan famfon karaban a ciki. Iyali mai mutum huɗu da ke alwala sau biyar da wanke-wanke za su ga ƙarshenta kafin yamma, saboda haka ya fi kyau a yi wanka a wurin wankan zango. Ruwan da aka yi amfani da shi yana taruwa a wata ganga ta daban a ƙarƙashin karaban, kuma yana da magudanarsa. Ba a watsa shi a ciyawa yadda ake yi a tsakar gida.

Masai shi ne abin da mutane suka fi jin nauyin tambaya a kansa. Akwati ne da ake zarowa ta wata ƙaramar ƙofa a waje, ana zuba masa magani shuɗi ko kore da ɗan ruwa, kuma zangunan gona da yawa kore kawai suke yarda da shi domin shuɗin yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a ramin masansu. Ana juye shi ne kawai a wurin da aka keɓe, a danna maɓallin iska domin kada ya fantsamo, a ɗauraye shi da famfon da ke wurin. Famfon ruwan sha ba a kusantarsa da wannan akwati, kuma babu laifin da ke ɓata wa maƙwabta rai kamar wannan. Ban-ɗakunan zango ba su da abin tsarki da ruwa, saboda haka buta tana cikin kayan da ba a mantawa. A yi amfani da ita ba tare da an jiƙa ƙasa ba, kuma kada a wanke ƙafa a kwamin wanke kwanoni.

Tukunyar gas iri biyu ce a wurin kamfanin Calor, shuɗiya ta butan da ja ta furofen. Butan yana daina tashi idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa, saboda haka mai fita daga kaka zuwa farkon bazara ya ɗauki ja. Akwai kuma gargaɗin da ya shafe mu kai tsaye: garwashin gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci, har bayan wutar ta yi kamar ta mutu. Kada a shigo da murhun gasa nama cikin karaban ko cikin rumfa domin jin ɗumi, kada kuma uwargida ta sa kaskon turaren wuta a ɗakin da bai wuce 'yan taku ba kuma tagoginsa a rufe. A tabbatar na'urar gargaɗin wannan iska da ta hayaƙi suna da batir, kuma kada a toshe ramukan iska da ke ƙasan ɗakin ko da sanyi yana shigowa ta nan.

Abin da ke kewaye da zango

Kusan kowane babban zango yana da ɗan ɗaki da aka tara takardun bayani: jadawalin bas, taswirar hanyoyin ƙafa, lambar likita da ta likitan dabbobi, da ranar da motar da ke sayar da soyayyen kifi da dankali take zuwa. Minti goma a wannan ɗaki a ranar farko ya fi awa guda ana lalube a waya, musamman da yake a kwaruruka da yawa sabis ɗin waya ba ya kamawa. Ka ɗauki hoton jadawalin bas, ka duba ta ƙarshe, domin a ƙauyuka tana iya wucewa tun kafin magariba, ranar Lahadi kuma wani wurin babu ko ɗaya.

Lahadi tana da wata ƙa'ida da ke kama baƙo: a Ingila da Wales manyan kantuna awa shida kawai doka ta ba su, yawanci daga 10 zuwa 4, ko da yake ƙananan shaguna da na gidajen mai suna wuce haka, Sikotland kuma ba ta da wannan doka. Naman halal da wuya a same shi a karkara, saboda haka a saye shi tun a Birmingham ko Bradford ko Manchester ko Landan, a daskarar da shi, a ɗauki na kwana biyu ko uku gwargwadon abin da ɗan firjin zai ci, sauran kwanakin a koma kan kifi da ƙwai. A bakin gonaki za ka ga ɗan akwati da ƙwai ko zuma ko dankali, an rubuta farashi, ga gwangwanin saka kuɗi, babu kowa a wurin. Saboda wannan da kuma injin wanki yana da kyau a riƙe 'yan sulalla.

Mai son sallar Juma'a ya nemi masallaci mafi kusa tun yana gida, domin tazarar tana iya kai tafiyar awa guda ko fiye. Akwai cibiyar Musulmi kusa da Truro a Cornwall, akwai masallaci a Inverness, har Stornoway da ke tsibirin Lewis ta sami nata a 2018. Alƙibla daga Birtaniya kudu maso gabas take, kusan digiri 119 daga arewa ga wanda yake Landan, kuma a watan Yuni a arewacin Sikotland rana ba ta faɗuwa sai bayan 10 na dare, saboda haka a sauke jadawalin sallah na garin da za a je, kada a dogara da na gida. Da yake yawancin zanguna suna son shiru daga 11 na dare zuwa 7 na safe, kuma bangon karaban ba ya riƙe sauti, a rage ƙarar kiran sallah na waya.

Idan za a shiga gari, a bar karaban a zango a kulle masa taya da maɗauri, abin da kamfanonin inshora da yawa suke sharɗantawa. Birane irin su York da Oxford da Bath suna da filin ajiye mota a bayan gari inda bas ke kwasar mutane, mai son ganin Landan kuma yana iya sauka a zangon Abbey Wood ya hau jirgin layin Elizabeth da aka buɗe a 2022. A hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonaki, a bar kowace ƙofa yadda aka same ta, a yi nesa da saniya mai ɗan maraƙi, a duba jikin yara da yamma saboda kaska, wadda ke ɗauke da cutar Lyme. A bakin teku ana wanka ne tsakanin tutoci masu ja da rawaya, kuma a duba lokacin cikowar ruwa kafin a zagaya bayan dutse. Lambar gaggawa 999 ce, ta neman shawarar lafiya kuma 111 a Ingila da Sikotland da Wales, kuma yana da amfani a rubuta lambar adireshin zangon, wato postcode, a manna a jikin ƙofa, domin ita za a fara tambaya.

Ranar tashi

Ana barin gurbi kafin 12 na rana a mafi yawan wurare, kuma rumfa gara a naɗe ta tun jajibiri idan ta bushe. Da safe a juye masai da ruwan datti, a zubar da shara a inda aka ware mata, a rufe tukunyar gas, a kulle tagogi da ƙofar rufi da ta firji. Wayar lantarki a wannan karon daga turke ake fara cire ta. Sai an ɗage ƙafafu huɗu sannan a ɗaura maɗauri a kan ƙugiya, kuma hanyar tabbatar da ya kama ita ce a murɗa ƙaramar tayar gaba har a ga bayan mota ya ɗan ɗaga tare da shi. Daga nan a naɗe tayar sama a ɗaure, a maƙala wayar birki da ta fitilu, a saki birkin hannu. Mutum ɗaya ya tsaya a baya yana faɗa, direba yana gwada birki da sigina ta dama da ta hagu. Bayan an ja gaba kaɗan, a sauko a zagaya gurbin da ƙafa, domin matakalar roba da matakin bakin ƙofa da turakun rumfa su ne aka fi bari a cikin ciyawa, sannan a miƙa katin ƙofa a ofis idan an ba da shi.